Dafin da Bai Baƙanta Jini Ba

Jimrau ya sauke tukunyar daga murhu, ya kau da fuska don kada tururin ya shige shi. A dajin arewa da Rumbu yake dafa dafin kibiya, inda ba mace ba yaro, haka ya gada. Bana dai abin ya zo da gardama. Yaƙin Maraɗi da Katsina ya toshe hanyar kudu, fatake ba su kawo kwankwani ba, 'ya'yan itacen da aka saba haɗa dafin da su, ga mahara ana jiran su da an gama girbin gero. Sai ya haɗa abin da ya samu: ƙaron itacen tinya, kan kububuwa, da wata saiwa mai ɗaci da wani makiyayi ya ce ta kashe masa raƙumi.

Ƙanensa Arzika yana tsugune can nesa, ya toshe hanci da gefen rawani.

"Yaya, wanga haɗi ba mu san halinai ba. A gwada ga kare mana."

"Ubanmu ga kare ya gwada?" in ji Jimrau. Mutum ne da ko gyara zama ka ce ya yi, sai ya ji ka raina shi.

Gwajin gidansu sananne ne. Mai dafi yakan tsaga damtsensa, jini ya gangaro zuwa wuyan hannu, ya ɗiga dafin a ƙarshen jinin. In dafin na kirki ne, baƙi zai riƙa hawa sama kamar tururuwa, sai ya share kafin ya kai bakin raunin.

Ya tsaga, ya ɗiga, ya zuba ido. Jinin nan ja wur, ko alamar baƙi babu. Ya ƙara jira. Dajin ya yi tsit, har kurciyar da ta dame su tun safe ta daina kuka.

"Ruwan banza muka dafa," ya ce, ransa a ɓace. "Da mi za mu tari mutanen nan?"

Sai ga ƙuda ya sauka a damtsen, can sama, daidai bakin raunin. Ya taɓa jinin, ya faɗo ƙasa, ƙafafu a sama. Wani ya zo, shi ma ya bi shi.

Jimrau ya dube su. Ashe dafin ya hau har bakin raunin ba tare da ya baƙanta jinin ba. Ya sa ganye ya share hannun a hankali, ko da yake ya san aikin gama ya gama. Harshensa ya soma nauyi, tsoro ya kama shi, amma har da wani daɗi a ciki, don ko ubansu bai taɓa dafa irin wannan ba.

"Arzika, matso. Buɗe kunne in faɗa maka haɗin, sau ɗaya zan iya."

"Yaya, mi ya faru?"

"Saiwar ta fi tinya yawa. Kuma kai, in ka dafa, nemi kare."