Fensir a Bayan Littafi

An daɗe ana cewa mutanenmu ba sa karatu. Masu faɗin haka galibi a wurin taro suke faɗa, bayan an ajiye musu ruwan gora, kuma su kansu da wuya ka gan su da littafi. Mama Rhoda ta unguwar Dutsen Kura a Minna ba ta taɓa tanka musu ba. Tana da ɗaki guda cike da amsa.

Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a sakandare. Mijinta, marigayi Zamani, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ɗan kudancin Kaduna, mutumin da bai iya wuce mai tallan tsofaffin littattafai ba. Ba ya son ƙagaggen labari, ya ce ƙaryar da yake ji a wurin aiki ta ishe shi. Na noma yake saye, da na kiwo, da tarihi, da lafiya, da gyaran inji, har da na taurari. Da ya rasu ya bar mata ɗari huɗu da 'yan kai, ya kuma bar mata halinsa: duk littafin da ya gama, sai ya rubuta ra'ayinsa da fensir a fararen shafukan baya.

Ita kuwa ta mai da halin doka. Kowa zai iya aro, ba a biyan komai, amma littafi ba ya komawa mazauninsa sai mai aron ya rubuta abin da ya gani a ciki, da sunansa da shekara. Wanda rubutu ke ba shi wuya ya faɗa, ta rubuta masa. "Ya yi kyau" ba ra'ayi ba ne a wurinta, da littafinka za ta maida kai gida. Shekara goma sha bakwai ana haka, har fararen shafukan wasu suka ƙare, ta liƙa musu ƙari.

Bana gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara gardama. 'Yarta Susan, mai aikin jinya a Kaduna, ta zo tafiya da ita, an kuma ba da gidan haya daga ƙarshen wata. Kayan ɗaki duk sun sami masu so. Littattafan ne suka tsaya wa Mama Rhoda a rai. Susan ta yi ta yawo har ta samo wata makaranta mai zaman kanta a hanyar Gidan Kwano, suka ce za su aiko mota ranar Litinin. Mama Rhoda ta ji daɗi. Malama ce, a ganinta makaranta ce gidan littafi.

Abin da Susan ba ta gaya mata ba shi ne sharaɗin da aka gindaya. Ba sa karɓar littafin da aka yi rubutu a ciki, lalatacce ne a ƙa'idarsu.

Ranar Juma'a zumuntar mata suka shirya wa Mama Rhoda ban kwana a coci. Da ta dawo da la'asar, da sabon zane da faranti a leda, ta tarar da Susan zaune kan tabarma a ɗakin littattafai, da kilina ta goge fensir a hannu. Tabarmar duk ɓurɓushin roba. A gefenta littattafai ashirin da uku a jere, tas da su.

Mama Rhoda ta ajiye ledar. Ta durƙusa da ƙyar ta zaro na taurarin, mai shuɗin bango. Ta buɗe baya. Fari fat, sai ɗan sawun fensir da yatsa ke ji, ido ba ya gani.

"Wa ya ce miki datti ne?"

"Mama, in da rubutu ba za su ɗauka ba. In ba su ɗauka ba, masu ƙosai ne za su naɗe kaya da su. Na ga ba kya barci saboda littattafan nan."

Gaskiya yarinyar ta faɗa, shi ya sa faɗan ya ƙi zuwa. Mama Rhoda ta zauna kan kujera, ta nuna kantar littattafai.

"Miƙo min na kiwon kifi, wanda ba ki kai gare shi ba. Karanta bayansa da ƙarfi, idona ya gaji."

Susan ta karanta. "Mai littafin nan bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba. Ya ce a ba kifi abinci da tsakar rana. Amma maganarsa kan canza ruwa gaskiya ce, na gwada. Sheshi na Tagwai." Ta ci gaba da na ƙasa. "Sheshi, kai masunci ne, kama kifi ka sani ba kiwonsa ba. Babi na shida ya ceci tarwaɗata. Christiana." A ƙasa kuma, da rubutun Sheshi mai kaushi, bayan shekara biyu: "Christiana, na ga tarwaɗarki a kasuwa. Ban ce komai ba."

Dariya ta kuɓuce wa Susan, sai kuma ta haɗiye ta. Ta dubi jerin ashirin da ukun.

"Me ke bayan mai shuɗin?"

"Babanki."

Ranar Asabar ita ce ranar da aka sa masu aro su maido da abin da ke hannunsu. Malam Mudi tela ya fara zuwa, jikan waɗanda suka biyo layin dogo suka zauna a Minna. Sai Sheshi da busasshen kifi a takarda, sai Aishat mai shagon magani. Mama Rhoda ta so ta ɓoye maganar saboda Susan, amma Susan da bakinta ta faɗa, kanta a ƙasa.

Malam Mudi ya duba jerin, ya zaro na tarihin jirgin ƙasa.

"To, 'yata, kin goge min zagi. Shekara goma da suka wuce na rubuta cewa mai littafin nan ya lissafa Turawa takwas da sunayensu da na karnukansu, bai ambaci lebura ko ɗaya ba. Ba ni fensir, Malama."

"Abin da ka rubuta za ka maimaita?"

"Zan maimaita, da ƙari. Na sake karantawa bara. A can ƙarshe akwai hoton masu ɗaukar ƙarfe, na uku daga dama kunnensa irin na gidanmu ne. Ban yafe masa karnukan ba, amma na gode masa da hoton."

Aishat ta ɗauki na cin abinci don masu hawan jini. "Ni da na ce mutumin nan bai san Minna ba, ya ce a ci tuffa kullum alhali yalo muke da shi. Yanzu mahaifiyata da jadawalinsa take tafiya, na dai canza masa 'ya'yan itatuwan. A ba ni wuri in janye rabi."

"Rabi kawai?" in ji Sheshi.

"Kai ka janye ko kwata a kan kifin Christiana?"

"Kifin nan ramammu ne. Ba na janye gaskiya."

Mama Rhoda tana jin su, mai shuɗin bangon yana kan cinyarta, ta ɗora hannu a kai. Malam Mudi ya lura.

"Har da wannan?"

Ta ɗaga kai.

"Ai wannan ba ya goguwa, Malama. Duk wanda ya ari littafin nan, bayan yake fara buɗewa." Ya gyara hula, ya ɗan ɗaga murya irin ta marigayin. "Rhoda, karanta babi na uku ki daina min gardama. Hasken da kike gani ya daɗe da barin gida."

"Ba haka ba ne," in ji Sheshi. "Ya daɗe a hanya, haka ya rubuta. Mutumin jirgi ne, hanya ya sani."

"Sheshi ya fi ka," in ji Aishat. "A hanya ne. Kuma a ƙasa Mama ta amsa masa da cewa: Na karanta, Zamani. Kai ma haka kake, sai ka daɗe a hanya sannan ka iso da bayani."

Mama Rhoda ta yi dariya har ta share ido da bakin ɗankwali. Shekara goma sha bakwai tana zaton ita kaɗai ta haddace layukan nan. Ashe tela da masunci da mai magani suna yawo da mijinta a ka, har suna gyara wa juna shi.

"Kun raina ni," ta ce. "Na ba ku taurari, kuka tsaya kallon faɗan miji da mata."

"Mun karanta taurarin ma," in ji Malam Mudi. "Ni dai babi na biyar ya fi ƙarfina, kuma na rubuta haka." Ya juya wajen Susan. "Makarantar nan, in sun karɓa, mu za mu iya zuwa aro?"

"Na ɗalibai ne kawai, Baba."

Ya shafa gemu. "Akwai bango guda a shagona, tun da na sayar da tsohon keken ɗinki babu komai a wurin. Na so in yi magana tun watan jiya. Sai na ji an ce makaranta, na ce wane ni, shagon tela."

Mama Rhoda ta dube shi, ta ji kunya irin wadda ba ta ji ba tun tana sabuwar malama. Ita ma ai bai taɓa zuwa mata a rai ta tambaye shi ba. Ta yi shekaru tana ƙyamar masu cewa mutane ba sa karatu, ga shi da aka zo rabon gado ta tsallake masu karatun ta nufi masu gini.

"Laifina ne, Malam Mudi, ba na Susan ba. Za ka riƙe dokar?"

"Wanda ya rubuta min ya yi kyau, ko wandonsa ba zan ɗinka ba."

Susan ta fita ta buga wa makarantar waya, ta ce kada su wahalar da motarsu. Aishat ta ɗauki nauyin neman sauran waɗanda aka goge musu, kowa ya zo ya sake rubutawa. Sheshi ya ce shi zai gaya wa Christiana inda littattafan suka koma, don ya ga fuskarta.

Kafin azahar an fara kwasa a keke napep. Mama Rhoda ta miƙa mai shuɗin bangon ga Sheshi, ya rubuta layin Zamani yadda ya tuna, Malam Mudi ya sa hannu a gefe cewa akwai kalmar da bai yarda da ita ba amma an rinjaye shi. Ita ta rubuta nata da kanta, manyan baƙaƙe saboda ido. A ƙasa ta ƙara: "Na gode wa masu karanta abin da ba a ba su ba."

Malam Mudi ya miƙa hannu zai sa shi a kwali. Ta janye.

"Wannan aro ne. Ni ba zan riƙe shi ba." Ta ɗora shi a hannun Susan, ta ɗora fensir a kai. "Ki karanta a Kaduna. Da Kirsimeti za mu zo ki maido wa Malam."

"Mama, ni da taurari?"

"Fara da babi na uku. Kuma ki ba Aishat kilinar nan ta ajiye."