Bashin Ndaceko a Gaban Makara

Kwana huɗu suka rage wa Hajiya Rashidatu ta biya kamfanin da ke ba ta abincin kaji, in ba haka ba shagonta na Tunga ya rufe ke nan. Kuɗinta kuwa, miliyan huɗu, suna wajen Alhaji Ndaceko, mai gonar kaji a Garatu, wata bakwai yana ce mata gobe.

Ta fara zuwa ofishin Madam Dorothy, mai karɓo wa 'yan kasuwa bashi. Matar kirki ce, amma aikinta wasiƙa ce bayan wasiƙa, wata uku in an yi sa'a. Ta fito, ta hau keke napep zuwa wajen wani Ubaidullahi, wanda ake cewa ko a wajen dutse sai ya karɓo kuɗi.

Yana jin sunan wanda take bi bashin, ya gyara zama. "Hajiya, ba ki ji ba? Ndaceko ya rasu da safen nan. Ƙarfe biyu jana'iza."

Ta yi salati.

Ya turo mata takardar yarjejeniya. "Sa hannu yanzu. Liman zai tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi. Yarona zai miƙe ya karanta takardarki."

"Haba Malam! Ai a gefe ake samun 'ya'yan, bayan kwana uku."

"Bayan kwana uku kina layi da mutum ashirin. Kashi talatin cikin ɗari ne rabona, ki yi sauri."

Tsoro ya kama ta, kunya ta kama ta, amma tsoron ya fi ƙarfi. Ta sa hannu.

Yaron ya yi aikinsa har da ƙari. Da lasifika ya karanta, har kwabo, gawa na ajiye a gaban sahu.

Ran kwana na uku Suleiman, babban ɗan marigayin, ya shigo shagon ya ajiye mata takardar banki. Bai zauna ba.

"Hajiya, kuɗinki sun cika. Kajin muka sayar, duka."

"Suleiman, wallahi ni ban ce..."

"Masu gonakin Garatu duk suna wurin a ranar. Sun ce in gaya miki kada motarki ta ƙara kai musu kaya."

Ta biya kamfani a kan lokaci. Washegari aka sauke mata buhu ɗari uku, ta zauna a cikinsu har la'asar, ba wanda ya leƙo.