Allurar da Aka Zaɓa wa Kawu

Kawuna direban babbar mota ne, shekara talatin yana kan hanya bai taɓa hawa gadon asibiti ba, sai ranar da ya zame daga bayan mota kafaɗarsa ta goce. Ni na kai shi. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce gyaran bai fi minti biyar ba, amma sai an sa shi barci. Nan Kawu ya tubure, wai wani tsohon abokinsa da aka yi wa irin allurar sai da ya wuni bai san inda kansa yake ba.

Aka kira likitar da ke sa barci, wata gajeriyar mata mai tabarau rataye a wuya, ma'aikata na ce mata Anti. Ba ta yi gardama da shi ba. Ta ja kujera ta zauna, ta tambayi abin da ya ci da lokacin da ya ci, har ta hango abin shaƙar asma a aljihunsa. Ta auna jininsa sau biyu, ya yi ƙasa.

Sannan ta yi masa bayani. Ta ce wataƙila midazolam aka ba abokin nasa, mai kwantar da hankali, amma yakan daɗe a jikin tsofaffi. Ita propofol ta fi so, farin nan kamar madara, don mutum na farkawa garas, sai dai yana ƙara saukar da jini, numfashi ma yakan yi sanyi, saboda haka yau ba ranarsa ba ce. Ketamin kuwa yana kashe zafi, bai cika taɓa numfashi ba, aibinsa mafarkai barkatai.

"Baba, za ka iya da mafarki?"

"In dai ba na fashewar taya ba ne, 'yata."

Ta sa aka rage surutu, ta bar ni a bakin ƙofa. Kaɗan-kaɗan take tura ketamin ɗin, idonta a kan na'urar da ke nuna bugun zuciyarsa, hannunta ɗaya a haɓarsa. Likitan ƙashi ya ja hannun, ƙashi ya koma ƙwas.

Kawu ya farka yana kwaikwayon canja giyar mota da hannunsa mai lafiya, yana tambayar wanda ya ajiye masa mota a cikin kogi. Anti ta amsa masa a natse cewa an fitar da ita. Ba ta tashi ba sai da ya dawo hayyacinsa ya sha ruwa, shayinta na can ya huce a kan tebur.

Da za mu tafi ta hana shi tuƙi sai ƙashi ya warke. Kawu, wanda ko kakata ba ta iya juya shi, ya zaro makullin motar ya miƙo mini.