Sai In Mun Dawo

"Bi da mu ta tsohuwar gada," in ji Baba Mai Fenti daga kujerar baya, kansa a kan cinyar matarsa.

Direba, maƙwabcinsu da katanga kawai ta raba su, ya dube shi ta madubi. Asibiti za su, numfashin tsohon kamar ana jan zarto.

"Haba Baba, ka san cunkoson wurin nan. Sai in mun dawo."

"Kai dai motarka kake ji, ɗan nema," in ji tsohon, da 'yar dariyar da ta rikiɗe tari.

Kuma gaskiya ya faɗa. Tun zamanin keken doki aka gina gadar, siririya, ƙafafunta na dutse sun lanƙwasa kamar baka. Ƙananan duwatsu aka jera mata maimakon kwalta, masu jijjiga mota har haƙora su haɗu. Direba kuwa bai daɗe da gyara ƙafar motarsa ba. Ya san da hantsi babu wani cunkoso, ya kuma san nisan ɗaya ne ta kowace gada.

A kan gadar nan Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana shafa wa ƙarafan gefenta koren fenti. Kafin ya kai wancan bakin, wannan ya soma tsatsa, sai ya dawo ya sake. Tun da ƙafa ta ƙi shi yake roƙon a kai shi ya gan ta.

Direba ya karya kan mota, ya hau sabuwar gada. Tsohon ya yunƙura zai leƙa, katangar siminti ta tare masa komai.

Da yamma likita ya fito, bai yi doguwar magana ba. Ya ce gawar sai da safe.

A hanyar gida matar ce kaɗai a baya, takalman mijinta a cinya. Direba ya kasa duban madubi.

"Mama... ko mu bi ta tsohuwar?"

"Bi inda ka so, ɗan nan. Mai son ganin ba ya cikin motar."

Ya bi. Ko keke babu a kanta. Ƙarafan duk sun yi ja da tsatsa, sai gindin wata fitila da kore ya ɗan rage. Direba ya rage gudu har kamar mai tafiya a ƙasa. Duk da haka duwatsun suna jijjiga motar, takalman Baba suna ta motsi a cinyarta, ta ɗora hannu ta danne su.