Karatun Rediyo

"Na gaba!" in ji Malama, tana gyara 'yar kujerar da ke gefen teburinta.

Ranar gwajin karatu ce a aji biyu. Malama ba ta yarda da karatun taro ba, wanda aji ke rera shafi baki ɗaya, mai iyawa da marar iyawa duk su ɓuya cikin hayaniya. Ita ɗaya bayan ɗaya take kira, yaro ya zauna ya karanta, ta kasa kunne. Wanda ya iya ya wuce aji uku, wanda bai iya ba ya maimaita.

Na gaban kuwa Rediyo ce, 'yar tela, wadda bakinta ba ya hutawa sai barci ya sace ta. Malama na ji da yarinyar nan, ba ta ma ɓoyewa. Rediyo ta zauna, ta kama labarin akuya da kare tiryan-tiryan, har da maƙale murya in akuya ke magana. Malama ta ji daɗi har ranta. Ta miƙa hannu ta juya mata shafi, ashe biyu ne suka manne, littafin ya tsallaka zuwa darasin jirgin ƙasa. Rediyo ko gezau! Yatsa na kan hoton jirgi, baki na kan akuya.

Malama ta dakatar da ita. Ta rufe littafin, ta ɗauki alli ta rubuta akuya a allo.

"Karanta min wannan."

Rediyo ta kalli allo, ta kalli Malama, ta yi murmushin nan nata. "Malama, faɗa min farkon, zan ƙarasa."

Ashe yayarta ke karantawa da ƙarfi a gida, kunnen Rediyo kuma ya kwashe kaf. Tausayi ya kama Malama. Yarinya mai kai irin wannan, a ce ƙawayenta su wuce su bar ta? Amma a tura ta gaba a haka, ai an cuce ta.

Da aka fita shan iska, sai ta tsayar da ita. Suka yi ta fama da baƙaƙe, Rediyo na cizon leɓe. Can ta nuna wani harafi ta ce, "Wannan yana saman ƙofar shagon Baba." Malama ta ce madalla, daga nan za a fara.

Da aka tashi, sai ga tela ya zo ɗaukarta, igiyar awo a wuya, zare maƙale a hannun riga.

"Malama, ya gwanar tawa? Ai na san ta cinye! Ran nan tana karanta min aka ɗauke wuta, duhu ƙirin, wallahi ko tsayawa ba ta yi ba. Na ce da maƙwabta, wa ke da irin wannan?"

Malama ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

"Baban Rediyo, yau dai ba ta wuce ba. Amma kullum lokacin shan iska tana wurina, ƙarshen zango in sake gwada ta. Zo nan, 'yata, nuna wa Baba."

Ta rubuta kalma ɗaya. Rediyo ta ɗora yatsa, ta haɗa gira, gumi ya tsatso mata a hanci.

"Te…" Ta sake dubawa. "Te… la. Tela! Baba, kai ne!"

Tela ya dubi 'yarsa, ya dubi Malama. Ya rage murya don kada yarinyar ta ji.

"Malama, wannan jan ƙafar fa? Baya ta koma ne?"

"A'a," in ji Malama, tana goge allin hannunta. "Yau ta fara."