Sunaye Tara a Cikin Bujen Mama

Ƙanwata Desley ba ta zuwa gidana sai da dalili, kuma in dalilin babba ne ba ta zuwa hannu rabbana. Ranar da na buɗe ƙofa na gan ta riƙe da kwalin kek mai kwakwa, na san da walakin goro a miya.

Shekara talatin da huɗu ina ɗinka bujen bale, rawar Turawa ta kan yatsun ƙafa, a birnin Melbourne, a ɗakin da Mama ta yi aiki har idonta ya gaza. Buje ɗaya yakan ci mini mako uku. Yadin raga ne hawa goma sha biyu, kowane hawa a tattare shi, a ɗora, a kama shi da zare da hannu, har ya tsaya cak a ƙugun mai rawa kamar faifai. Desley a gindin keken ɗinki ɗaya muka koya, amma ta ce ba za ta tsufa a ɗakin da babu taga ba. Ta buɗe kanti a unguwar Fitzroy tana sayar wa 'yan mata siket ɗin raga na inji, hawa uku, su haɗa shi da takalmin sojoji su hau jirgin titi, taragon da ke bin dogo a cikin gari. Yanzu ko'ina su ne. Har a layin sayen kifi da dankali na ga wata, raga na jan ƙasa, miyar tumatir a gaba. Haushi ya hana ni cin abincin.

"Yaya Noelene, ba za ki ce in shigo ba?"

"Ƙofa a buɗe take. Me kika zo nema?"

"Kai, Yaya! Ko shayi babu?" Ta ajiye kwalin, idonta na kan ƙofar ɗakin baya. "Kantina zai cika shekara goma a Disamba. Bujen Mama nake so in sa a tagar gilashin kantin. Mako biyu kawai."

Abu ɗaya Mama ta bar mana da ya isa a yi faɗa a kansa: farin bujen da ta ɗinka da ƙuruciyarta, wanda kamfanin rawa ya ba ta kyauta da ta ajiye aiki. A ɗakin baya yake, na rataye shi kai ƙasa kamar yadda ake yi don kada ragar ta saki. Ba a wanke shi, ba ya ganin rana. A cikin rigar da ke haɗe da bujen, ta baya, akwai ƙyallaye tara. Al'adar aikinmu ce, duk mai rawar da ta sa buje a rubuta sunanta a farin ƙyalle a ɗinka kusa da na wadda ta riga ta, kuma ba a cire na kowa. Taran nan duka da hannun Mama aka rubuta su. Ba ta bar wasiƙa ba, ba ta bar littafi ba. Rubutunta da ya rage a duniya ke nan.

"A taga?" na ce. "A zafin ranar Disamba, tsakiyar bazararmu? Ki soya shi mana ki huta."

"Zan sa labule da rana."

"Ki sa wa mutum-mutuminki irin tsumman da kike sayarwa."

"Tsumman nan su suka sa yaran yanzu suka san akwai wani abu wai shi bale. Ku kuna can cikin rami kuna ɗinka wa tsofaffi masu tari a zauren kallon rawa." Ta gyara zama. "Kuma ba roƙo na zo ba. Mu biyu ta bar wa. Shekara shida yana wurinki, ko sau ɗaya ban ce uffan ba."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai. Na ce ta dawo bayan wata ɗaya, sai na duba ɗinkin. Ta tafi ta bar kek ɗin, na ba maƙwabta.

Ban duba komai ba. Wani na ɗinka. Na san bujen Mama kamar tafin hannuna, don haka na yanka raga hawa goma sha biyu daidai da nata, na tsoma a ruwan shayi har farin ya dushe, na goge bakin rigar da dutsen goge kaushi don ya yi kamar ya sha jiki. Ban taɓa aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ina yi ina jin daɗin mugunta. In ta ga dama ta gasa shi a rana.

Ƙyallayen ne suka gagare ni. Na san Desley, ciki za ta fara dubawa. Mama bahaguwa ce, rubutunta baya yake kwanciya, kuma na gwada ya fi sau ashirin, duk wanda na rubuta sai ya fito nawa. Daga ƙarshe na ɗauki ƙaramin almakashi na warware na gaskiyar ɗaya bayan ɗaya, na ɗinka su a cikin sabon. Na ce a raina mako biyu ne, a cikin riga suke, rana ba za ta kai gare su ba. In ya dawo in mayar da su.

Da ta zo ɗauka, ta buɗe rigar ta ga sunayen, ta shafa su da yatsa. Sai ta juya bujen ta daɗe tana kallon ƙasan ragar.

"Lafiya?" na ce.

"Lafiya lau, Yaya. Kin kula da shi sosai." Ta sa shi a jaka ta fita, ko sallama babu.

Ranar bikin cikar kantin shekara goma, da hantsi, na hau jirgin titi na tafi Fitzroy, wai in ga yadda wayona ya zauna. Zafi kamar a tanda. Tun daga tsallaken titi na hango 'yan mata sun taru a tagar suna ɗaukar hoto. Na matsa. Bujen yana jikin mutum-mutumi, baƙi wuluk. An rina shi. An tsinke zaren da ke riƙe hawa-hawan, ragar ta zubo har gwiwa, an daddatse bakinta da almakashi, an haɗa shi da takalmin sojoji.

Na kutsa ciki. Desley na tsaye da kofi a hannu tana dariya da baƙinta.

"Ga babbar tela ta iso! Yaya, kin ga aikinki? Mutum goma sha ɗaya sun ce in yi musu irinsa."

"Me kika yi?"

"Abin da ake yi wa jabu." Ta ajiye kofin, dariyar ta ɗauke. "Ni za ki raina wa hankali? Mama bahaguwa ce. Zarenta daga dama yake kwanciya zuwa hagu. Naki kuwa duk ƙasan ragar ya bi hannun dama, kamar kin sa hannu a takarda. Shekara nawa ina zaune kusa da ita ina zura mata allura? Kin ɗauka don ina sayar da tsumma na makance?"

Na tuna hagun Mama a rubutu, na manta da shi a ɗinki. Hannuna ya yi abin da ya saba shekara talatin da huɗu, ban ko lura ba.

"Ranar da na ɗauko shi, a mota na zauna na yi kuka," in ji ta. "Uwarmu ɗaya, ki ba ni na bogi kamar wata baƙuwa. Har da zama ki kwaikwayi rubutunta! Wannan ne ban yafe ba. Ki riƙe na gaskiyar, ki ci shi in kina so."

"Ƙyallayen fa?"

"Suna ciki. Tare na tsoma su."

"Desley, ban iya kwaikwayon rubutunta ba."

"To wa ya rubuta miki?"

Ta dube ni, ta sake dubana, sai na ga ta gane ƙyallayen na gaskiya ne. Ta ture wata baƙuwa, ta haye cikin tagar da takalminta, ta ɓalle maɓallan rigar ta baya a gaban masu ɗaukar hoto. Na bi ta. Ƙyallayen suna nan, tara cif, a jere yadda na ɗinka su. Baƙaƙe ƙirin. Ta kai ɗaya wajen haske, ta karkata shi, ta lashi yatsa ta goga. Ko ɗigon harafi babu.

"Kin cire su daga jikin na Mama," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da hannunki."

"Ke kika rina."

"Ke kika cire!"

"Da kin tambaye ni..."

"Da kin ba ni abin da yake nawa!"

Haka muka tsaya a cikin taga, tsofaffi biyu, muna zagin juna, 'yan mata a waje suna ɗauka sun zaci cikin bikin ne. Ta ce in fita mata daga kanti. Na ce ko ta roƙe ni ba zan sake takowa ba.

Bujen Mama yana nan a ɗakin baya, kai ƙasa, fari tas, rana ba ta taɓa shi ba. Na cece shi, kamar yadda na yi niyya. A cikin rigar babu komai sai ƙananan hujojin allura, layi tara.

Na zauna da takarda in rubuta sunayen ko da da hannuna ne. Merrin Kostoglou ce ta farko, Ilsa Trewin ta biyu. Na kawo bakwai, biyu sun ɓace mini, na juya na juya sun ƙi zuwa. Desley ta san su. Tun tana ƙarama take rera su a jere kamar waƙa in Mama na aiki. Wata huɗu ke nan, lambarta na cikin wayata, takardar na kan tebur da layi biyu babu komai.