Ƙasar da Jibo Ya Ɗiba

Ƙanena Jibo dakta ne, amma ba na allura ba, na ƙasa. Ƙasar noma dai, wadda kaji ke tonawa. Ya dawo Maraɗi da babban diplom ɗinsa daidai lokacin da jam'iyyu suka ɓarke, kowane gida tuta biyu, ma'aikata na ta yajin aiki. Wa ke ta dakta? Ɗaki na ba shi a gidana cikin unguwar Zariya, nan Maraɗi, yana ci yana jin kunya.

Sai wata jami'a ta ƙasar waje ta ce tana da gurbin bincike ga waɗanda suka gama karatun dakta. Sharaɗinta, Jibo ya zo da ƙasar gonakin Jiratawa, ta rani da ta damina, a gano abin da ke sa kanwa tasowa tana cinye shuka. Mu 'yan Jiratawa ne, can Innarmu ke noma ɗan filinta, wa zai hana shi? Ya bi gona-gona yana cika ledoji. Ya shanya, ya daka, ya tankaɗe, ya rubuta sunan mai gona jikin kowace. Ɗakin nan ko wurin shimfiɗa tabarma babu, ina ta yi masa tsiya ko fura zai dama mana da ita.

Ana haka masu yajin aiki suka ɗauke kuran, wutar lantarki ke nan. Injinan ban ruwa suka yi tsit, alkama da tattasai suka fara ƙonewa a tsaye. Kowa ya san wuta ce babu, wallahi kowa ya sani! Amma Gado, shugaban manoman, wanda jam'iyyarsa ba ta ga maciji da ta mijina, ya miƙe a taro ya ce, "Wa ke ɗibar ƙasar gonar wani in ba mai asiri ba? Albarkarmu ya kwashe. Aiko shi aka yi."

Aka daina gaida Inna. Daga baya manoman suka aiko: ko ƙasa ta koma inda aka ɗebo ta, ko a karɓe filin tsohuwa.

Na ce, "Jibo, cika musu ledoji da turɓayar tsakar gidan nan, uban wa zai gane?"

Ya ce, "Yaya, Gado ya ce a ɗakin nan za a loda, yana tsaye."

Haka kuwa aka yi. Amalanke ya kwashe aikin yaron nan kaf. Ina biye. Kowace gona a kira suna, Jibo ya kwance leda da hannunsa ya zazzage, mai gona ya sa ƙafa ya murje. Ni ce na yi kukan. Jami'ar ta jira ta gaji, ta ba wani gurbin.

Abin da ya fi ci mini rai, ba a yi mako ba aka janye yajin aiki, wuta ta dawo, ruwa ya cika hanyoyinsa. Abin da bai mutu ba ya yi kore shar. Jiratawa ta ɗauka: "Kun gani ko?"

Muka je gaida Inna ran Juma'a. Ta fito da murna, ta zuba wa Jibo tuwo da kanta, ta zauna kusa da shi. Sai ta dafa gwiwarsa, ta rage murya don kada maƙwabta su ji.

"Na gode Allah da ka mayar, ɗana. Dubi yadda filina ya tashi. Ko wa ya koya maka wannan abu, ka rabu da shi."